Ranar da Aka Tsare Baba a Ƙofar Gina-Gari

Bulumkutu, Maiduguri
5 ga Mayu

Zuwa ga maigidana, Abban Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya Fatakwal, yaya aiki, yaya ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Baba yana gaishe ka. Rakiya ma ta ce in gaishe ka, in kuma tuna maka alkawarin takalmi.

Na san za ka yi dariya da ganin takarda alhali jiya muka yi waya. To ai ba ni kake samu ba. Da Baba ya ji muryar ɗansa sai ya miƙo hannu, ku juye zuwa Kanuri, ni 'yar Kano in koma gefe ina tsintar abin da ya sawwaƙa. Malam Garzali direban tirelar shanu ya ce yana sauka kusa da kamfaninku, shi ya sa na ce bari in riƙa ba shi saƙo.

Ɗakin Baba an rufa kwano, an yi filasta. Saura banɗaki da famfo da wayar wuta da fenti. Ina so a gama kafin ruwa ya sauka. Tun da ambaliya ta ci gidansa na bayan Kasuwar Shanu yake kwana a falonmu, bai taɓa cewa uffan ba, amma ina ganin yadda yake naɗe shimfiɗarsa da sauri kafin mu fito, kamar baƙo. Abin yana taɓa ni.

Shekaranjiya muka je sabon kantin kayan ginin nan na titin Kano, Gina-Gari. Abban Rakiya, girman wurin ya wuce yadda ake faɗa. Siminti, tayil, ƙofofi, fitilu, ƙusa kala-kala, duk a rufi ɗaya, ga sanyin na'ura. Baba ya ce shi zai raka ni, don ɗakinsa ne. Ya sa farar babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Da farko abin ya burge shi. Matsalar ta fara ne da ya ɗaga bokitin fenti yana neman wanda zai taya wa. Na nuna masa farashi a manne, na ce nan ba a ciniki. Ya dube ni ya ce mutumin da ya yi rayuwarsa yana dillancin shanu yau an kawo shi kasuwar da ba a magana.

Wurin biya kuma babu mai karɓar kuɗi ko ɗaya. Injina ne a jere, kai za ka nuna wa injin zanen da ke jikin kayanka, ya yi ƙara, ka sa katin banki, ya tofo maka rasit. Haka aka ce. Namu kuwa ya ƙi fentin, sai wata murya ta mace take ta maimaita Turanci wai in cire kayan in sake ɗorawa. Na cire, na ɗora, na juya bokitin ta kowane gefe. Da ya yarda kuma sai sabis ya ɗauke. Layi ya yi tsawo a bayanmu, wani magini yana ta faɗa wai leburorinsa na zaune suna jiransa, wata mata ta ajiye kayanta a ƙasa ta fita abinta. Mace ɗaya ce tal take kula da injinan duka, Madam Agnes, 'yar Biu. Tana nan tana can, kowa da ita yake huce haushi, ita kuwa sai haƙuri take bayarwa.

Ni ma na kusa sauke mata nawa, ban ɓoye maka ba. Baba ne ya riga ni magana. Ya ce mata, "Sannu 'yata. Ba ke kika ƙera shi ba. Je ki sallami mai leburori, mu ba ma sauri." Ka ga yadda ta tsaya ta dube shi, kamar ranar ba wanda ya yi mata magana irin ta mutane sai shi. Maginin ma kunya ta kama shi, ya rage murya.

A keke napep muna dawowa Baba ya ce shi dai har yanzu ya fi son ya ga idon mutum kafin ya ba shi kuɗinsa, amma zai sake raka ni.

Ka kula da cin abinci. Allah ya tsare mana kai.

Taka har kullum,
Najiba


Bulumkutu
14 ga Mayu

Abban Rakiya,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata kana lafiya, aiki kuma yana sauƙi. Saƙonka ya iso, takalmin ya yi wa Rakiya daidai, har barci ta so ta yi da shi. Mu duka lafiya, sai zafi da ya sa ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana.

An samu mai aikin famfo. Sunansa Mikail, daga Umarari yake zuwa, maƙwabcinmu ne ya haɗa mu. Magidanci ne mai 'ya'ya, ba shi da yawan magana, hannunsa kuma yana da kyau. Ya haƙa ramin bututu ya shimfiɗa ba tare da ya fasa mana daɓen tsakar gida ba. Baba ya ɗauke shi kamar ɗa. Kwano ɗaya suke cin abincin rana, yana ba shi labarin yadda ake gane saniya mai ciwo tun daga tafiyarta, Mikail yana ta gyaɗa kai.

Mun koma Gina-Gari har sau biyu, kuma wurin ya ƙara wuya. Wai sata ta yi musu yawa tun da aka sa injinan, wasu su nuna wa injin abu mai araha su fita da mai tsada, wasu su cusa a aljihu. Yanzu kan famfo na tagulla da wayar wuta da kwaɗo duk an kulle su a keji. Sai ka nemo mai makulli, shi kuma kullum yana wani sashen. Mun yi tsayuwar da ƙafata ta yi sanyi saboda soket guda. A ƙofa kuma an ajiye mai gadi, Manasse, yana duba rasit yana leƙa jakar kowa. Ka sha wahalar injin, ka yi aikin mai kanti da hannunka, sannan a bincike ka kamar wanda ake zargi. Mutane suna fita suna tsaki.

Na lura Manasse yana jin nauyin taɓa kayan dattawa. Baba ma ya lura. Tun kafin mu iso ƙofa sai ya buɗe jakarsa da kansa ya miƙa, har da zolaya wai a duba da kyau ko ya saci buhun siminti a ciki. Na tambaye shi ko abin ba ya ɓata masa rai. Ya ce yana ɓatawa mana, amma yaron aikinsa yake yi, in babba ya buɗe tasa, na baya ba zai ga an raina shi ba.

Asabar za mu je sayayyar ƙarshe, da Mikail, don ya zaɓi abin da ya dace da kansa. In Allah ya yarda sati mai zuwa Baba zai kwana a ɗakinsa.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya bar mu tare.

Matarka,
Najiba


Bulumkutu
19 ga Mayu

Abban Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma roƙonka ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yanke komai. Baba yana nan da sauƙi. An ɗaure hannun, likita ya ce karaya ce guda a ƙasan gwiwar hannu, za ta haɗe. Ni da Rakiya lafiya lau.

Na ji muryarka jiya, na san ba ka cikin hayyacinka. Ka ce za ka ajiye aiki ka hau mota. Bidiyon da aka turo maka gaskiya ne, amma guntu ne, an yanke shi daidai inda ya fi muni. A waya na kasa yi maka bayani saboda Baba yana kusa, kuma ba ya son a tayar da zancen. Ga yadda aka yi.

Ranar Asabar da hantsi muka je mu uku. Muka ɗauki bututu da gam da babbar robar ruwa mai murfi, muka ɗora a keken zuba kaya. Mikail ya sa aka buɗe masa kejin kan famfo, yana ta jujjuya su, mai makullin kuma wani ya kira shi ya juya baya. Ni ina duba fitilu, Baba yana zaune a kan wata kujera yana hutar da gwiwa. Can Mikail ya ce babu irin wanda yake so, a bari zai samo a kasuwa. Da muka zo wurin injin ya ce bari ya riga mu fita ya tsayar mana da keke napep.

Ranar kantin a cike yake, injina biyu sun mutu, kowa a fusace. Na nuna wa injin kayanmu ɗaya bayan ɗaya, har da robar, ban buɗe ta ba don ban ga dalili ba. Na karɓi rasit. Baba ya ce shi zai tura keken. Muna isa ƙofa ƙararrawa ta ɗauka.

Manasse ya duba rasit, ya duba kaya, komai daidai. Ya ce mu sake wucewa, ta sake ɗauka. Sai ya ɗaga murfin robar. A ƙasanta ga kawunan famfo na tagulla, sababbi, an naɗe su a tsumma.

Abban Rakiya, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Mutanen da suka gaji da layi kamar jira suke. Nan take aka kewaye mu, wayoyi suka tashi sama. Wani ya ce tsoho da furfura da babbar riga. Wata ta ce saboda irinsu ne ake kulle kaya ana wulaƙanta mu. Wannan shi ne abin da ka gani.

Abin da ba ka gani ba, Baba bai ɗaga murya ba, bai rantse ba. Ya dubi Manasse ya ce, "Ban ɗauka ba. Amma a kayana aka gani, don haka ba inda za ni sai an duba." Ya nemi buhun siminti ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, yana kallon masu ɗaukarsa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka sauke wayarsu.

Madam Agnes ta zo da gudu. Da ta ga ko wane ne sai ta ce kada wanda ya sake cewa komai, akwai kyamara a kan kejin. Ta shiga ofis. Ba ta daɗe ba ta fito, fuskarta a ɗaure, ta tsaya gaban jama'a ta ce dattijon nan bai taɓa komai ba, wanda ya zo tare da su ne ya zuba a robar. Daidai lokacin Mikail ya leƙo daga waje don ya ga abin da ya tsayar da mu. Suna haɗa ido da ita ya juya da gudu.

Wani ya yi ihun ɓarawo. Ka san abin da kalmar nan take yi a garin nan. Bai kai bakin titi ba aka kayar da shi a filin ajiye motoci. Masu keke, leburori, masu sayayya, har da waɗanda ɗazu suke zagin Baba, yanzu su ne a gaba, wai suna rama masa. Na ga katako, na ga guntun bututun ƙarfe. Na ji wani yana cewa a kawo taya.

Ban ga tashin Baba ba. Mutumin da sai ya dafa bango yake miƙewa daga sallaya, sai hango farar rigarsa na yi a tsakiyar taron yana ture mutane da kafaɗa. Ya isa kan Mikail, wanda yake kwance ya rufe kai jini na zuba, ya tsaya a kansa ya buɗe hannuwa, rigar ta rufe shi. Wani ya riga ya kawo duka da bututun, bai iya tsayar da hannunsa ba. A hannun Baba ya sauka. Har inda nake na ji ƙarar.

Bai faɗi ba. Hularsa ce ta faɗi. Ya ɗaga muryar nan tasa ta kasuwa, wadda ban taɓa ji a gida ba, ya ce, "Ni ya ci wa mutunci, ba ku ba. Ni kuma na ce ba mai sake taɓa shi. Wanda bai ƙoshi ba, ga ni." Ya maimaita da Kanuri.

Wanda ya yi dukan ya saki ƙarfen ya ja da baya. Madam Agnes ta kutsa ta tsaya kusa da Baba, ita da Manasse suka ɗaga Mikail suka shige da shi ofis suka kulle, har 'yan sanda suka zo. Sai da Baba ya ga an rufe ƙofar sannan ya zauna a ƙasa, ya ce mini, "'Yata, ina jin hannun nan ya tafi."

A asibiti ina kuka na tambaye shi me ya sa zai yi haka saboda mutumin da ya so ya sa shi a kunya. Ya ce yana jin haushinsa har cikin ƙashi, amma kan famfo ba ya kai ran mutum, kuma in da ya zauna aka kashe shi, da sunansa za a ce an yi.

Don Allah kada ka taho. Ya ce in gaya maka, kai Tahir, in ka bar aikinka saboda hannu guda, ba zai yi maka magana ba. Ka san zai aikata.

Allah ya sanyaya maka zuciya.

Taka,
Najiba


Bulumkutu
1 ga Yuni

Zuwa ga Abban Rakiya,

Aminci ya tabbata a gare ka. Ina fata kana lafiya, hankalinka kuma ya kwanta. Na gode da ka saurare ni. Baba yana samun sauƙi, kumburin ya saɓe, yana iya motsa yatsu.

Kwanakin farko sun yi mana nauyi. Ba hannun ne ya dame shi ba, bidiyon ne. Ya san ya zaga gari, ya san ya kai Kasuwar Shanu, inda ya yi shekaru ana ba shi amanar garke ba tare da shaida ba. Ya daina zama a ƙofar gida, abinci sai ya taɓa ya ture. Bai yi ƙorafi ba, amma sau da yawa nakan same shi ya zuba wa bango ido.

Ranar Laraba da la'asar Madam Agnes ta zo, ita da Manasse, da lemo da kankana. Ta cire takalmi ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ta ce ta matsa wa masu kantin sai da suka yarda aka saki hoton kyamara gaba ɗaya, daga keji har filin motoci, tare da takardar ban haƙuri da sunan Baba, Alhaji Ajimi, a kai. Da farko sun ƙi, wai zai ɓata musu suna, ta ce musu to su nemi wata. Ta kuma ce an dawo da teburi biyu masu mutum a wurin biya. Manasse kuwa ya kasa haɗa ido da Baba, sai da Baba ya kamo hannunsa da na hagu ya zaunar da shi kusa da shi, ya ce ai da bai ɗaga murfin ba da bai cika mai gadi ba.

Washegari gidan nan ya cika. Dillalai, mahauta, har da makiyaya Shuwa da ban taɓa gani ba, wai sun ga cikakken bidiyon. Tabarmi suka ƙare, na aro na maƙwabta. Wani tsoho ya ce su dama ko guntun da suka gani ba su yarda ba. Ranar Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Saura labarin Mikail. Baba ya aika wa masu kantin cewa shi a nasa ɓangaren ba ya neman komai, su ma da kayansu ya dawo ba su ja zancen ba, aka sake shi a hannun 'yan'uwansa. Shekaranjiya da safe ya yi sallama, kansa a naɗe da bandeji, jakar aikinsa a hannu. Ni na so in kore shi. Baba ya ce a bar shi ya shigo. Ya zube a tsakar gida yana kuka yana neman gafara, yana cewa ya yi niyyar ya sayar ne, bai taɓa zaton ƙofar za ta yi ƙara ba. Baba bai ce masa ya yafe ba, bai kuma zage shi ba. Ya nuna masa banɗakin ya ce ya ƙarasa abin da ya fara.

Ya sa na kawo masa kujera ya zauna a bakin ƙofa, yana kallonsa har ya gama. Da azahar na kawo abinci, ya ce in zuba wa Mikail nasa daban. Na ga yadda hakan ya yi wa Mikail, ya fi dukan da ya sha zafi. Da ruwa ya zubo a famfon, Baba ya biya shi hakkin aikinsa cif, sannan ya ce, "Wanda ya tambaye ni aikinka, zan ce yana da kyau. Wanda ya tambaye ni halinka, zan faɗi abin da na gani. Abin da za a gani nan gaba kuma yana hannunka. Tashi ka je wurin 'ya'yanka."

Ya fita yana share fuska. Ban san abin da zai zama ba, Allah ya shirye shi.

Abban Rakiya, shekarun nan ina girmama Baba ne don shi ya haife ka. Yanzu ko da ban san ka ba, in na gan shi a hanya zan durƙusa. Jiya ya kwana a ɗakinsa. Da safe na kai masa kunu na tarar bai naɗe shimfiɗar ba, yana zaune a kanta ya miƙe ƙafa, Rakiya tana yi masa zane a jikin filastar hannunsa, shi kuma yana gaya mata inda za ta sa wa saniyar ƙaho.

In ka kira, ka tambaye shi hannu kawai, sauran ka bar shi sai ka zo da Sallah. Muna ƙirga zuwanka. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Matarka mai kewarka,
Najiba